Neman Lauya Bayan Hatsari a Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda mota ko babur ya buge, ko inji ya raunata a wurin aiki, da 'yan uwansu masu zaman jinya, musamman a garuruwan ƙananan hukumomi na Arewacin Najeriya, inda lauyoyi 'yan kaɗan ne kuma kowa ya san kowa. Dokokin jihohi sun bambanta a wasu wurare, saboda haka bayanin nan shiri ne na zuwa wurin lauya, ba madadinsa ba.

1. Dole ne sai na ɗauki lauya?

Ba dole ba ne. Idan ƙujewa ce ko targaɗe, direba ya biya kuɗin magani, ka koma harkokinka cikin 'yan kwanaki, babu abin da lauya zai ƙara maka. Amma idan karaya ce, ko an yanke gaɓa, ko rauni ne a kai ko ƙashin baya, ko an rasa rai, to a nemi lauya. Haka nan idan ɗaya ɓangaren kamfani ne ko hukumar gwamnati, domin su da nasu lauyoyin suke tafe tun daga ranar farko.

Mutane da yawa suna gudun ofishin lauya saboda suna ɗauka shiga wurin daidai yake da kai maƙwabci kotu. Ba haka ba ne. Sau da yawa aikin yana ƙarewa ne a wasiƙar neman diyya da zaman sulhu, ba a taka ƙofar kotu ba. Abin da ake so kawai shi ne ka san girman haƙƙinka kafin ka karɓi wani abu, ko ka yafe (duba amsa ta 13).

2. Me ya kamata a yi a kwanakin farko, kafin a je wurin lauya?

Asibiti ne farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, kuma lambar kiran hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122. Bayan haka wani daga cikin dangi ya ɗauki nauyin tara hujjoji, tunda majinyaci ta kansa yake yi: hoton wurin da abin ya faru, lambar motar, sunan direba da na mai motar, da lambar wayar duk wanda ya gani da ido. A sanar da 'yan sanda, a tabbatar sun zana taswirar wurin sun rubuta rahoto. Kafin a saki motar daga ofishinsu, a ɗauki hoton takardunta, musamman takardar inshora.

Sai rasit. Na kemis, na hoton ƙashi, na jini, na motar da ta kai ku asibitin birni, kowanne a ajiye shi cikin leda ɗaya. A nan ne masu gaskiya da yawa suke yin asara: an sayar da gona an yi jinya, amma babu takarda ko ɗaya da za a nuna wa alƙali. Masu zuwa wurin ɗori kuma, babu mai hana su, sai dai a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto, likita ya rubuta abin da ya gani. Mai ɗori ba ya ba da rahoto a rubuce, kuma idan ƙafa ta ɗoru a karkace, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ɗorin ne ya ɓata ta, ba motar ba.

3. 'Yan sanda sun gurfanar da direban a kotu. Ba shi ke nan ba?

A'a, shari'a biyu ce daban. Wadda 'yan sanda suka shigar ta laifi ce, tsakanin hukuma da direban, kan tuƙin ganganci. Kai shaida ne a cikinta. Ana iya cin direban tara ko a ɗaure shi, tarar kuma asusun gwamnati take shiga. Gaskiya ne alƙalin yana da ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta wani abu, amma galibi ba ya kai asarar da aka yi. Cikakkiyar diyya sai ka shigar da taka ƙarar da kanka, kuma ba sai ka jira an gama ta laifin ba. Masu jira har a gama su ne wa'adi ke kuɓuce musu (amsa ta 9).

4. Garinmu lauyoyi biyu ne ko uku. Ina zan nemo wanda ya dace?

Fara da reshen ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, NBA, mafi kusa da kai. Tana da rassa sama da 100, kuma ba a manyan biranen jihohi kaɗai ba: akwai a Zariya, akwai a Kafanchan, akwai na Ungogo a Kano. Shugaban reshe ko sakatarensa ya san wanda ya saba da shari'ar rauni da wanda aikinsa bai wuce takardun filaye da belin masu laifi ba. Magatakardan babbar kotu da ke yankinku ma ya san waɗanda ke zuwa a kan lokaci da waɗanda kullum neman ɗage zama suke yi. Mafi amfani duka shi ne wanda ya taɓa yin irin shari'arka har ya karɓi kuɗinsa. Tambaye shi yadda suka rabu da lauyan, ba yadda suka fara ba.

A yi hattara da masu yawo a harabar asibiti da bakin ofishin 'yan sanda suna cewa suna da “barista mai zafi”. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana shi farautar waɗanda hatsari ya rutsa da su, sun kuma hana shi biyan dillali la'ada don ya kawo masa su. Wanda ya karya wannan ƙa'ida don ya same ka, kada ka yi tsammanin zai kiyaye sauran idan kuɗinka suka shigo hannunsa.

5. Na gida ya fi, ko in tafi birni?

Ya danganta da nauyin lamarin da kuma wanda za ka ja da shi. Lauyan gida yana da sauƙin samu, ba ka biyan kuɗin motarsa daga nesa duk ranar zama, ya san ma'aikatan kotu, kuma zai iya samo shaidu a tasha ko kasuwa kafin su watse. Idan direban haya ne na cikin gari, asarar kuma ba ta yi yawa ba, shi ya fi.

Idan kuwa tirelar babban kamfani ce, ko wayar lantarki ta faɗo, ko sakacin asibiti ake zargi, aikin yana buƙatar wanda ya saba kawo likita ya ba da shaida, ya kuma saba ja-in-ja da kamfanonin inshora. Irin waɗannan a Kano, Kaduna, Jos ko Abuja aka fi samunsu. Akwai hanya ta uku da mutane ba su cika sani ba: na birni ya riƙe shari'ar, na gida ya riƙa tsaya masa a ƙananan zaman kotu. Lauyoyi sun saba da wannan tsakaninsu. Kai dai ka tabbatar an rubuta cewa kuɗin aiki ɗaya ne za su raba, ba kowa da nasa ba. Lauyan da aka rantsar a Najeriya yana iya tsayawa a kotun kowace jiha.

6. Yaya zan gane lauyan gaskiya ne?

Baƙar kwat da tarin littattafai ba hujja ba ne. Lauya shi ne wanda ya gama makarantar horon lauyoyi, aka rantsar da shi, aka sa sunansa a kundin Kotun Ƙoli, kuma yana da lambar rajista. Nemi cikakken sunansa da lambar da shekarar da aka rantsar da shi, ka tambayi reshen NBA. Haka kuma kowace takardar shari'a da ya shirya tana ɗauke da hatimin ƙungiyar mai sunansa da lambarsa. A ƙananan garuruwa akwai tsofaffin ma'aikatan kotu da masu rubuta takardun koke da ake kira “barista” don girmamawa. Suna iya sanin hanya, amma ba su da ikon tsaya maka a gaban alƙali.

7. Lauyan garinmu ya san wanda ya buge ni. Zan iya amincewa da shi?

Wannan ita ce babbar matsalar ƙaramin gari, ta fi ƙarancin lauyoyin ma. Mai motar wataƙila surukinsa ne, ko shi yake rubuta masa takardun cinikin filaye, ko shi ne lauyan ƙungiyar direbobi ta tashar. Sanin juna kaɗai ba laifi ba ne, in ba haka ba babu wanda zai yi aiki a garinsu. Abin da doka ta hana shi ne ya karɓi aikinka alhali yana da wata alaƙa ko maslaha da za ta raba masa hankali, bai kuma bayyana maka ba.

Saboda haka tun kafin ka buɗe masa cikinka, faɗi sunan direban da mai motar da kamfanin, ka tambaye shi kai tsaye: “Barista, ka taɓa yi wa ɗayansu aiki, ko akwai dangantaka?” Mutumin kirki ba zai ji haushi ba, zai ma nuna maka wani. Abin da ka gaya wa lauya a matsayin mai neman shawara amana ce da doka ta hana shi fitarwa, ko da bai karɓi aikin ba. Duk da haka, idan wanda za ka ja da shi mai faɗa a ji ne a garin, shawararmu ita ce ka ɗauko lauya daga wani gari. Ba don na gida maci amana ba ne, sai don shi ma a garin zai ci gaba da neman abinci bayan an gama shari'arka.

8. Nawa zan biya, kuma yaushe?

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ko dai a yanka kuɗin aiki gaba ɗaya a riƙa biya kashi-kashi, wani lokaci da kuɗin mota na kowace ranar zama, ko kuma a yi yarjejeniyar kaso: ba ka biyan ladan aiki sai an ci nasara, sannan lauya ya ɗauki kason da kuka amince. Ƙa'idojin aikin lauya sun yarda da hanya ta biyun a shari'ar da ba ta laifi ba, muddin kason bai wuce hankali ba. Tun 2023 kuma akwai tsarin mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai karɓa, don haka kada ka yi mamaki idan an nemi kuɗin ganawa ta farko.

Kowace hanya aka bi, a rubuta a sa hannu, ka riƙe kwafi. A fayyace abubuwa uku: wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita da na kai sammaci, shin kason daga jimillar kuɗin za a cire shi ko bayan an fitar da abin da aka kashe, kuma idan ɗaya ɓangaren ya ɗaukaka ƙara, sabon ciniki ne ko yana cikin na farko. Mafi yawan rigimar da ke tashi tsakanin lauya da wanda yake wa aiki daga waɗannan ukun take fitowa, domin an fara da “ai mun zama ɗaya, Alhaji”, ba a rubuta komai ba.

Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana kuma da ofishi a babban birnin kowace jiha. Dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar hatsari, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Tsangayoyin shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ma suna da cibiyoyin ba da shawara kyauta.

9. Akwai wa'adin shigar da ƙara?

Akwai, kuma ba ya jiran ka warke. Kowace jiha da dokarta. A Legas, misali, shekara 3 ce ga raunin da sakaci ya jawo. Mafi haɗari shi ne idan motar gwamnati ce ko ma'aikacin gwamnati a bakin aikinsa: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Ga shi kuma hukumomi da yawa, har da ƙananan hukumomi, doka ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a yi ƙararsu, wanda ke ƙara cinye lokacin. Alkawarin “za mu duba lamarin” ba ya tsayar da lissafi. Tambayar farko da za ka yi wa lauya ita ce: wace rana ce ta ƙarshe? Ya rubuta maka ita a takarda.

10. Direban talaka ne. Wa za a nema ya biya?

Hukunci a kan wanda ba shi da ko sisi takarda ce kawai, shi ya sa lauyan da ya san aiki yake fara binciken wa ke bayan direban. Idan yana tuƙi ne a bakin aikin ubangidansa, doka tana ɗora wa ubangidan alhaki, ko mutum ne ko kamfani. Sai inshora: dole ne kowace mota da ke kan titi ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da take biya na ɓarnar dukiya kuma ya kai naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, ba ta rauni ko rai ba.

Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda ake saya a bakin ofishin lasisi don kawai a wuce shingen 'yan sanda. Ana iya duba sahihancin takarda da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ta intanet. Idan ta gaske ce, lauya ya rubuta wa kamfanin da wuri. Idan ta bogi ce, sai a koma kan mai motar da dukiyarsa.

11. Me kotu take biya, kuma idan ni ma ina da laifi fa?

Kashi biyu ne. Na farko asarar da ake iya lissafawa: magani, sufuri, gyaran babur, kuɗin shigar da ka rasa lokacin jinya. Wannan sai an jera shi dalla-dalla an kawo hujjar kowanne, dalilin ledar rasit ta amsa ta 2 ke nan. Ɗan kasuwa ko manomi da ba shi da takardar albashi zai iya kawo littafin ciniki, bayanan asusun banki, ko shaidar abokan sana'a. Na biyu shi ne raɗaɗi da naƙasa da abin da raunin zai hana ka yi nan gaba. Wannan alƙali ne yake ƙiyastawa, rahoton likita kuma shi ne ginshiƙinsa. Duk lauyan da ya yi maka rantsuwa a zaman farko cewa miliyan kaza za ka samu, tashi ka ba shi wuri.

Laifinka ba ya rusa ƙarar, rage kuɗin yake yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan acaɓan da ya ɗauki mutum uku babu hular kwano, ko ya bi hannun da ba nasa ba, kotu za ta zaftare masa gwargwadon nasa sakacin. Faɗa wa lauyanka gaskiyar wannan tun farko, kada ya fara jin ta daga bakin shaidun ɗaya ɓangaren.

12. Zan iya zuwa kotun shari'ar Musulunci neman diyya?

A jihohin da ke da waɗannan kotuna, idan ɓangarorin Musulmi ne, ana kai irin wannan ƙara. A fiƙihun Malikiyya diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinare 1,000 na zinare, ana kuma ƙiyasta ta da naira bisa farashin zinare na lokacin. Gaɓoɓin da suke biyu a jiki, kamar hannu ko ido, kowanne rabin diyya ne; haƙori raƙuma 5. Kotunan suna kusa da jama'a, da Hausa ake yi, kuma sun fi sauri. Amma idan kamfani ne ko inshora ko hukuma, galibi babbar kotun jiha ake nufa, domin abin da lauyoyinsu za su fara yi shi ne ƙalubalantar hurumin kotun. Ba kowane lauya ne ya iya shari'ar Musulunci ba, a tambaya.

13. Dattawa sun shiga tsakani, ana cewa ƙaddara ce, in yafe. Yaya zan yi?

Yafiya haƙƙinka ce, kuma alheri ce ga wanda ya yi ta da zuciya ɗaya. Sulhu ma ba abin gudu ba ne: shari'ar babbar kotu tana iya cin shekaru, kotunan kansu suna tura mutane sasantawa, Kano ma tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotunta. Abin da ke cutar da mutane shi ne lokacin da ake yin sa. Ana zuwa da mai unguwa da liman a rana ta uku, majinyaci yana kwance, a ajiye 'yan kuɗi a ce a sa hannu. Bayan wata shida likita ya ce sai an sake tiyata, takardar kuwa ta ce ba ka da sauran magana.

Ba sai ka yi wa manya musu ba. Ka yi godiya, ka karɓi taimakon magani a rubuta cewa na magani ne kawai, ka ce maganar ƙarshe sai likita ya faɗi inda raunin zai tsaya. Kafin ranar, lauya ya lissafa maka abin da ya kamata, ya kuma rubuta yarjejeniyar: nawa, yaushe, wa ya tsaya idan an saɓa. Idan rai aka rasa, diyya haƙƙin magada ce, kuma babu kawu ko yayan da yake da ikon yafe rabon marayu ƙanana don ya fita kunyar mutanen gari.

14. A wurin aiki na ji rauni. Hanya ɗaya ce?

Akwai wata hanyar daban. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ba tare da sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Ka sanar da ubangidanka cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara 1. Sai dai yawancin injinan casar shinkafa da gidajen bulo da gidajen burodi na ƙananan garuruwa ba su yi rajista ba. Wannan ba ya wanke mai wurin. Lauya zai duba yiwuwar ƙararsa a kotun ma'aikata ta ƙasa. Ga wanda ba shi da takardar ɗauka aiki, shaidar abokan aiki da saƙonnin shigar albashi a waya suna taimakawa.

15. Lauyana ba ya ɗaga waya, shari'a kuma ba ta motsi. Zan iya canza shi?

Kana iya canzawa a kowane lokaci. Amma fara zuwa kotun da kanka ka tambayi magatakarda lambar ƙarar da abin da ya faru a zaman baya. Wani jinkirin daga kotu yake, kamar hutun shekara ko sauya wa alƙali wurin aiki. Idan ka tabbatar daga lauyan ne, rubuta masa cewa ka janye aikin, ku daidaita kan ladan abin da ya riga ya yi bisa yarjejeniyar amsa ta 8, sabon lauya ya karɓi fayil ya sanar da kotu. Kada ka taɓa ba da asalin rasit da rahoton likita ba ka riƙe kwafi ba.

Idan kuwa abin ya kai ga cin amana, kamar ya karɓi diyyarka ya riƙe, ko ya sasanta da ɗaya ɓangaren ba da saninka ba, ka kai koke a rubuce ga reshen NBA ko kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke Abuja, wanda ke da ikon dakatar da lauya ko soke sunansa daga kundi. Doka ta wajabta masa ajiye kuɗin wanda yake wa aiki a asusu daban da nasa. Haɗa kokenka da kwafin yarjejeniyar, da shaidar duk kuɗin da ka tura masa, da lambar ƙarar.